Lambar Sirri

Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da kifi a Jagalci,
bakin tekun Busan, inda har kuɗi ke warin gishiri.
Ɗora min kifi a tafin hannu
in faɗa maka nauyinsa kafin sikeli ya buɗe baki.

Yau ga ni gaban wani allon gilashi
yana tambayata ko ni ce ni.

Tikitin jirgin ƙasa kawai nake so, zuwa Degu.
Ƙanwata Mal-sun na kwance, ƙafa ta kumbura.
Da akwai taga a nan, bayanta wata yarinya mai tabarau,
in miƙa kuɗi, ta miƙo takarda, mu yi wa juna sannu.
Yanzu an liƙe tagar da hoton wata mai murmushi
wadda ba ta amsa gaisuwa.

Allo ya ce taɓa nan. Na taɓa. Bai ji ba.
Ruwan sanyi da ƙayar kifi sun cinye zanen yatsuna.
Na lasa, na sake dangwalawa.
Ya ce lokaci ya ƙare, koma farko.
Layi ya yi tsawo a bayana,
wani saurayi na huci kamar tukunyar shinkafa.
Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga, da na rama.

Na dawo gida da kuɗina ƙulle a hankici.

Jikata Ye-rin ta kira daga Seul,
fuskarta ƙarama a tsakiyar hannuna.
Kaka, ai abu ne mai sauƙi, sa lambar sirri.
Wacce? Ta banki, ta asibiti, ko ta ƙofar gida?
Don ƙofar ma ta daina sanin makulli.
Babban harafi, ƙaramin harafi,
da wata alama mai kama da ƙugiya.
Kar ki sa ranar haihuwarki, kar ki rubuta a takarda.
To ina zan ajiye ta, 'yar nan?
Kan nan cike yake da farashin kifi
na shekarar da na haifi uwarki.

Sai aka jero min hotuna tara:
nuna duk inda jirgin ruwa yake, mu tabbatar mutum ce ke.
Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jiran jirage!
Na nuna uku. Na huɗun kwalekwale ne,
ko yaron goye a Jagalci ya san bambancin.
Na'ura ta ce na faɗi.

Can da yamma suka ce sun aika lambobi shida
zuwa wayar da aka yi rajista da ita.
Wayar Dok-su ce.
Shekara biyu tana aljihun tebur
tare da tabaransa da maganin da bai ƙarasa sha ba.
Ban yanke layin ba. Duk wata ina biya,
ban taɓa gaya wa yaran ba.

Na jona ta da wuta, na zauna.
Ta daɗe kafin ta farka.
Ga mu nan mu biyu a bakin ruwa,
hularsa a karkace, ni ina kare rana da hannu.
Ta yi ƙara sau ɗaya, saƙon ya iso.
A ƙasan hoton aka rubuta:
ɗora babban yatsanka.

Na daɗe ina kallon rubutun.

Ƙarfe huɗu na asuba na sauka kasuwa.
Motar Man-bok ana loda mata ƙanƙara, Degu za ta.
Ya leƙo ta taga, ya ce, Ok-bun, ina zuwa da ƙunshi?
Ya kwashe safar hannunsa daga kujera.
Na hau, miyar Mal-sun a cinyata, da sauran ɗuminta.
Wayar Dok-su na aljihuna,
tana ta haske, tana mutuwa, tana jiran yatsa.