Awon Tauri

Sai jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe ya wuce
nake fara aiki,
don ko tarin maigadi a hawa na biyu
allurata tana jin sa.
Sendai ta yi barci. Yayyafi kawai ke yawo a titi.

Kwana shida ina kiwon su a faranti,
cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum,
ina sauya musu shi kamar mai renon jinjiri.
Da fari ɗaiɗai suke, kowa ya kama gabansa,
sai suka miƙa, suka laluba, suka riƙe juna,
suka zama shimfiɗa guda
wadda ɓawon albasa ya fi ta kauri.
Ƙwayoyin huhu ne.
Ba su san an raba su da ƙirji ba.

Allurar ba ta huda.
Ɗan ƙwallon gilashi ne a bakin tsinke
da ido ba ya gani;
ta sauko sannu, ta taɓa, ta danna, ta janye,
jan haske a gadon bayanta yana kai rahoto:
nan ya lotsa,
nan ya ƙi.

Malama Kumagai ta ce mini ranar farko:
"Chizuru, kada ki tambaye su da ƙarfi.
Abin da aka matsa wa, ƙarya yake faɗa."

Ban gaya mata na riga na sani ba.
Babana awara yake yi a Shiogama,
shekara talatin da takwas, kafin asuba,
hannu cikin ruwan sanyi har gwiwa.
Ya kan ɗora babban yatsa a kan farin curi,
ya rufe ido,
ya ce, saura kaɗan,
ko ya ce, ta yi.
Bai taɓa rubuta lamba ba.

Da huhunsa ya fara tauri
likita ya ce tabo ne ke bin tabo,
kamar soson da aka manta a rana.
Numfashi ya koma masa hawan tudu.
Na ɗora tafina a bayansa,
na danna, na saurara,
yatsuna ba su gaya mini kome ba.

Faranti na hagu lafiyayye ne:
yana karɓar allura, ya mayar, kamar kumatun yaro.
Na dama na zuba masa abin da ke kiran tabo.
Tun shekaranjiya ya ɗaure fuska.
Yau ya ninka ɗan'uwansa uku a tauri,
kuma a ido, wallahi, duk ɗaya suke.

Ƙarfe uku da kwata ƙasa ta motsa,
'yar kaɗan, irin wadda ba ta tada kowa.
Kofin shayina ya yi ƙara a kan tebur,
layin kwamfuta ya haukace,
awo sittin suka bi ruwa.

Na ɗaga allura. Na jira bene ya daina tunani.
Na leƙa ta madubi:
suna nan, kafaɗa da kafaɗa,
ko ɗaya bai saki ɗaya ba.

Ban san ko riƙon ne ke kashewa
ko shi ke rayarwa ba.
Lambar ba ta faɗi wannan.

Na goge gilashin idona da bakin riga,
na sake saukar da ita,
sannu,
kamar yatsan wani.