Kiran Gada

Kawu Jatau bai koya mini harbi ba
sai da ya koya mini ƙarya.

Ƙarshen damina ne, a dajin bayan Kajuru.
Ciyawa ta kai ƙugu, raɓa ta jiƙa mana wando.
Ya tsuguna a gindin kanya,
ya murje busasshen ganye, ya sake shi
don ya ga inda iska ta nufa.
"Gada da hanci take gani," ya ce.
"In warinka ya riga ka isa,
koma gida ka sha kununka."

Sannan ya toshe hanci da yatsu biyu,
ya dunƙule hannu a baki,
ya saki kuka siriri mai rawa a ƙarshe,
kukan ɗan gada da ƙaya ta riƙe.
Mutumin da muryarsa ke raba faɗa a kasuwa,
ga shi ya koma jinjiri.

Sau biyu. Ya yi shiru.

Ni kuwa na ƙosa.
Na kama nawa hancin, na jera kira
kamar mai tallar ƙosai a tasha,
har kurciyoyi suka watse daga reshe.
Ya murɗe mini kunne, ko dubana bai yi ba:
"Ɗan da ke kukan gaske yana gajiya.
Yana tsayawa ya saurari uwarsa.
Shirun ne ke kawo ta.
Kuma ka riƙa waiwaye,
don ba uwa kaɗai ke jin kukan ɗa ba,
kura ma tana da kunne."

Muka sake wuri. Muka zauna
har cinnaku suka san ɗanɗanon ƙafata.
Sai ciyawa ta buɗe.
Ga ta, ja-ja, kunnuwa a tsaye,
ƙafa ɗaya a sama,
tana neman ɗan da ba ta haifa ba.

Mun ci nama daren nan, ba zan ɓoye ba.
Inna Tabawa ta cika daddawa,
ni na tanɗe kwano.
Shi dai yana goge wuƙa ya ce:
"Kada ka maimaita a wuri ɗaya.
Daji yana haddace murya."

Yanzu ina Kakuri, ina ɗinkin kujerun mota.
Ranar da saƙon rasuwarsa ya iso
na ajiye almakashi, na gangara bakin kogi,
na tsaya ƙarƙashin gada,
wata gadar daban, ta siminti da ƙarfe,
wadda ba ta da kunne.
Na toshe hanci. Sau biyu.
Na yi shiru yadda ya koya mini,
tireloli na wucewa bisa kaina.

Akuyar wani mai wanki ce ta ɗaga kai,
ta dube ni, ta daɗe tana dubana,
sannan ta koma taunar ledarta.