Tulun Shekarar Gawo

Amya goma sha ɗaya gare shi, Kawu Namakka,
bai taɓa ƙarawa ba,
duk a bayan dutsen Kwatarkwashi,
gefen da rana ba ta leƙawa sai hantsi ya tsufa.
Can raɓa kan makara a kan ganye,
ƙudan ma sai sun ji ɗumi suke fita aiki.
Ya ce shi ya sa zumarsa ba ta gaggawa a baki.

In ka zo masa da jan goro a haƙori,
buta zai miƙo maka kafin ya amsa gaisuwa.
"Kurkure. Ba a shiga gonar mutane da takalmin laka."
Sai ya tsoma tsinken kaba, ya murza,
ya miƙo maka ɗigo ɗaya tak.
"Kak ka haɗe. Bar ta ta zamna."

Zaƙin shi ke fara shigowa da hayaniya,
kamar yaran gida in an yi baƙo.
Ka jira su watse.
Bayansu ɗorawa take, da ɗan warinta na rana,
sai hayaƙin karan da aka yi ɗiba da shi,
can ƙarshe, kusa da maƙoshi,
wani ɗaci siriri da ba ya son a kira sunansa.
"Darbejiya ce," in ji shi, "ta bakin makaranta.
Na hana su zuwa, ba su ji."

Kowace shekara tulu ɗaya nake saye,
in ɗaure shi da zani a bayan babur har Gusau.
Na haƙa musu gurbi a ɗakin da ba ya kallon yamma,
na binne su zuwa wuya cikin yashi,
baki a liƙe da kaki, faifai a kai,
toka a kewaye saboda kiyashi,
suna kuma da gawayi a kafaɗar kowanne:
shekarar da kaɗanya ta yi ɓarin fure,
shekarar fari, baƙa wuluk, mai kama harshe,
shekarar da aka haifi Rumasa'u.

Na bakwai, shekarar gawo.
Daga shi babu na takwas.
Hanyar bayan dutse ta zama wadda ba a bi,
amyoyin suka rage wa tsuntsu da gara,
Kawu ya koma ɗakin haya a Bunguɗu
yana shan shayi da sukari yana tsaki,
har ranar da ya daina tsakin.

Shekara huɗu ban fasa kakin ba.
Na ce sai walima, na ce sai babban baƙo,
na ce sai ranar da na cancanta.

Daren Laraba na dawo daga kasuwa,
na tarar da faifai a ƙasa, kaki a farfashe,
Rumasa'u da ludayin koko a hannu,
ƙanenta ya bar tarin da ya hana mu barci kwana uku,
yana lasar gwiwar hannunsa.
Ludayi! Abin da ake ɗiba da tsinke.

Na buɗe baki zan yi faɗa,
ta cusa mini sauran.

Ta daskare, ta yi yashi-yashi, fara kamar man shanu.
Zaƙin ya girma, ya daina gudu.
Na jira.
Gawo ya zo, sanyin gindin dutse ya zo,
hayaƙin ya zo a hankali kamar mai ciwon ƙafa.
Na ƙara jira, don na san akwai saura.

"Baba, ta lalace ne?"

Na girgiza kai. Ban haɗiye ba tukuna.