Haƙoran Asabar

Litinin zuwa Juma'a bas ɗin 'yan makaranta nake ja
a Viroqua, can cikin Wisconsin.
Asabar kuwa ta kututture ce.
Masu zarto su zo, su ka da itace, a yi musu tafi, su wuce;
mai taurin kan da ya rage a ƙasa, shi ne rabona.

Shekara tara ina tura tsohon injina,
ƙarfin doki goma sha uku, in ji takardar jikinsa.
Doki na sha huɗu ni na san shi,
shi ke tashi da ciwon kafaɗa ran Lahadi.
Ya ci bel shida. Haƙora kam ban ƙirga ba.
In na dawo, cokali rawa yake a hannuna,
har Marlys ta daina cika mini kwanon miya.

Ita ta buɗe littafin lissafi a teburin kicin:
"Lowell, awa biyar jiya a kan kututture ɗaya.
Cire mai. Cire haƙori biyu da dutse ya karya.
Kai kake niƙa shi, ko shi ke niƙa ka?"
Na dubi taga. Babu amsa a jikin taga.

Ga ƙwaro ya shigo gundumarmu,
itatuwa na mutuwa a tsaye.
Waya na ƙara, ina cewa sai wata mai kamawa,
aiki na sulalewa hannun yaran Tollefson
masu doguwar tirela.

Sai na je La Crosse wurin Orrin Haugland,
wanda gwiwa ta ce masa ya isa haka.
Ya yaye tamfol.
Doki talatin da biyar, ƙafar sarƙa irin ta katafila,
kai mai lilo hagu da dama da taɓin ɗan yatsa.
Awa ɗari tara a agogonsa.
Na durƙusa, na shinshina mai, na girgiza faifan haƙora,
na leƙa ciki kamar mai neman laifi.
Dala dubu goma sha huɗu, ba ragi.
Ni da kututture nake lissafi:
ɗari da arba'in kafin ya zama nawa.
Daga Disamba ƙasa ta daskare har Maris,
banki kuwa bai san ƙanƙara ba.
Na sa hannu. Biro ma ya yi rawa.

Asabar ta farko, bakwai kafin rana ta take.
Garin itace na tashi kamar ana sheƙe hatsi,
saiwa mai kaurin cinya ta zama dusa.
Na sha kofi a tsaye, ɗigo bai zuba ba.

Na takwas yana bayan gidan Ardith Solberg,
guntun tuffa da mijinta ya dasa.
Ƙofar shingenta inci talatin,
sabon injina talatin da biyar.
Na ce, "In cire turke ɗaya, in mayar?"
Ta dafa turken. "Shi ya kafa wannan ma."

Na koma gida.
Tsohon yana bakin hanya da kwali a wuya: NA SAYARWA.
Ja uku, ya yi tari, ya kama.
Ya shige ƙofar Ardith ko fenti bai goga ba.
Awa biyu muna kokawa, ni da shi da tuffa,
ita tana kwashe garin a bokiti
don gindin furanninta.

Da dare cokali ya dawo da rawarsa.
Marlys ta duba, ta jawo littafi:
"Kwalin fa?"
Na ce yana cikin shara;
da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce zuma ba ta shan fetur,
ta rubuta takwas,
ta cire daga ɗari da arba'in.