Noti Ɗaya Ya Rage

Gawarsa na saya.
A Kamba, bayan shagon wani ɗan Kwatano,
yana kwance bisa haƙarƙari, kaji na ƙailula a inuwarsa.
Dogo, mai faɗin ƙugu,
irin babur ɗin da ake zama a kansa
kamar an kishingiɗa a zaure.
Na biya, aka ɗaure shi saman buhunan shinkafa,
muka shigo Jega ana kiran la'asar.

Labbo ya leƙo ta katanga:
"Tela, mi za ka yi da wanga mushe?"
Na ce, ɗinki.

Wata bakwai yana tsakar gida, tsakanin turmi da randa.
Na kwance shi gaɓa-gaɓa,
notuna a farantin Jimma,
kafireto a kananzir, ina cuɗa shi da tsohon burushin haƙori.
Jimma ta ce miyarta ta fara warin gareji.
Ban musa ba. Na nemi ƙari.

Tankin daga Gusau wani direba ya kawo,
da lotsawa a dama, daidai gwiwar mutum.
Ban san mai gwiwar ba,
ban san ko ya tashi daga inda ya faɗi ba.
Arzika mai walda ya ɗaga guduma,
na riƙe hannunsa.
Na bi da samfefa, na fesa fenti
launin ɓawon albasar Aliero,
lotsawar tana nan, gwiwata ta shige ta cif.

Fitilar ta tsohuwar tarakta ce.
Madubin hagu da na dama ba su haɗa uwa ba,
ɗaya na nuna hanya, ɗaya na nuna gemuna.
Salansa biyu na tsinta wurin 'yan gwangwan,
aka auna mini a sikeli kamar nama.
Sirdi kam, nan aka zo gidana:
fatar akuya ja, zare ninki huɗu,
kekena na kuka har allura uku suka karye.

Dare ne lokacinmu.
Kulu, 'yar autata, ke riƙe fitilar waya,
tana gyangyaɗi, hasken na zamewa kan ƙafata.
Kafin damina ta san sifana goma da sha biyu
ba sai ta duba lamba ba.

Ran da na gama, na yi bismilla, na taka.
Shiru.
Na taka har zufa ta sauko mini a ido.
Na sauya fulogi, na hura, na roƙa, na zaga.
Labbo ya ɗauko kujera don ya ji daɗin kallo.
Kulu ce ta zura tsinken tsintsiya cikin salansa,
sai ga gidan zanzaro, ɗaki-ɗaki, ya zubo.

Taku ɗaya.
Ya yi tari, ya yi gyaran murya,
ya saki wata irin tsawa daga ƙirji,
tantabarun Labbo suka bar unguwa,
ruwan randa ya yi rawa.

Na ɗauki Kulu muka nufi gada.
Iska ta cika mini riga, na zama mutum biyu.
Masunta suka ɗago kai daga komarsu,
wani ɗan kabu-kabu ya bi mu yana tambayar sunan kamfani.
Kulu ta waiwaya ta ce masa: "Tsakar gida!"

Kwalba ɗaya na zuba, na manta ba ɗan ƙaramin ciki ba ne.
A tsakiyar gada ya ja numfashi ya yi shiru.
Muka turo shi, ni a kai, ita a baya,
nauyinsa kamar sa ya ƙi kasuwa,
tana dariya har tana riƙe ciki.

Da na zo alwalar magariba na laluba aljihu,
na ji noti ɗaya.
Na duba ƙafa, na duba inji, na kwanta ƙasa da fitila,
ban ga inda ya baro ba.
Jimma ta karɓi farantinta ta wanke da toka.
Notin na aljihuna har yau,
babur ɗin kuwa bai tambaya ba.