Ka Bar Sandar a Ƙofa

Karnuka biyu na gada tare da lambun mahaifina
a Maiwurno, inda Shuɗin Nilu ke lasar saiwar mangwaro.
Ɗaya Ƙyale-su, ja, mai tsagaggen kunne,
ɗaya Ba-ruwana, wanda ya ci sunansa har ya lashe kwano.

Birai su sauko da hantsi su yi buɗiri a kan gwaiba,
Ba-ruwana na kwance, ido ɗaya a buɗe, kamar mai ƙirga su.
Ƙyale-su kuwa bai ƙyale kowa ba:
kajin Sittana, jakin mai ruwa,
jallabiyar ladan, daga gwiwa zuwa ƙasa.
Ran da ya kashe ɗan akuyar Daf'alla
buhun albasa biyu na sayar na biya,
na dawo na karya gora a gadon bayansa.

Na sa sarƙa. Na hana tuwo.
Na yi tsawa har muryata ta dushe.
Duk abin da na shuka da sanda
haƙori ya tsiro.

Wata Laraba na jefa shi a kwalekwale,
na kai shi gaɓar gabas, na kwance igiya, na juya baya.
Tsoho Makau mai fito bai ce uffan ba sai a tsakiyar ruwa:
"Kai da baki kake magana, shi kafaɗarka yake saurare.
Ka taɓa ganin kanka in ka nufo shi?"
Na ce, tuƙa, Baba, magariba ta kawo jiki.

Kwana uku.
Da asuba na buɗe ƙyaure,
ga shi a jiƙe, laka har wuya.
Bai shigo ba, bai tafi ba,
hannuna na dama yake kallo.
Ba fuskata ba. Hannun.

Nan na durƙusa, na ɓoye hannun a baya
kamar yaron da aka kama da ƙosai.

Wata bakwai ina koyon yin shiru.
Busasshen kifi a aljihu har matata ta raba mana wanki.
Na koyi tahowa ta gefe,
na koyi karanta jela kamar allo,
na gane haushin tsoro daban, haushin gadi daban,
na gane "zauna" sau ɗaya ake faɗa,
sauran kuwa jira ne.
In ya lashi ƙwarya, in wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa,
ban fasa ba, bai kuma ji haushi ba.

A rumfar shayi suka sa mini suna Malamin Karnuka,
ana shan jabana ana ƙyaƙyata.
Sai ga damina, birai suka sauko,
lambuna kaɗai suka kewaye.

Yanzu daga Sinnar ake zuwa, daga Sinja,
masu gonar ayaba, makiyaya, wani likita daga Madani
da farin kare a kujerar gaba.
Kowa da ƙorafi: ba ya ji, ba ya ji.
In karɓi kuɗin mako shida in ce,
karen sati biyu ya ishe shi,
sauran huɗun naka ne.

Ƙyale-su ya tsufa, ido ya yi yana,
yana kwance ƙarƙashin angarib ƙwikwiyoyi na tattaka shi.
Ba-ruwana har ya mutu bai koyi komai ba.
Na binne shi a gindin gwaiba,
inda ya saba kallon ɓarayi.

Jiya Daf'alla ya yi sallama,
igiya a hagu, ɗan baƙin ƙwikwiyo na tirjiya,
sanda a dama.
Muka dubi juna, akuyar nan ta gifta tsakaninmu.
Na ce, shigo, an dama shayi.
Amma ka bar sandar a ƙofa.