Bayit Arba'in da Takwas

Ƙarfe tara na dare a Kuseri.
Fitilun Injamena sun zubo cikin kogi daga ƙetare,
mu nan fanka na juyi da ƙyar, iskar ma zafi gare ta.
Na ture shayin da ya huce,
na ce wa gwaje-gwajen: ku tashi.

Ɗari uku da sha ɗaya ne, na san su kamar awakin gidanmu.
Wannan ya kulle saƙo, wancan ya buɗe,
wani ya sa hannu, wani ya duba ko hannun na jabu ne.
Da rana sun wuce cikin minti huɗu,
ba wanda ya yi tuntuɓe.
Falmata ta ce, to a tura mana, masu adashe na jira.
Na ce, bari mai bin bashi ya gani tukuna.

Sunan da na sa wa manhajar ke nan.
Ba ruwansa da ko makulli ya kama.
Shi dai yana zaune bakin rumbun na'ura da littafinsa:
wa ya ari wuri, nawa ya ara,
ya mayar ko ya yi gaba abinsa.
A gabansa kowa tafiyar hawainiya yake,
minti huɗu sai ya koma awa biyu da 'yan kai.

Babana Garga gyaran kwale-kwale ya yi har ya tsufa.
Bai taɓa yarda da jirgi don ya yi kyau a tudu ba.
Sai ya ɗora shi kan kututture, ya cika shi da ruwa,
ya tsuguna ƙarƙashi, ya yi shiru.
Yakan ce, ɗigo ba ya sauri,
amma ba ya barci.

Sha ɗaya da kwata hukunci ya fito:
bayit arba'in da takwas, an ara, ba a mayar ba.
Arba'in da takwas!
Gaisuwar safe ma ta fi su tsawo.
Sai dai duk wadda ta zuba kuɗinta, arba'in da takwas sun tafi,
ranar kasuwa sau dubu,
har wata rana na'ura ta nutse ana tsakar kwasa.
Kuma abin da aka bari a wurin
gutsuren makulli ne, ba a goge ba.

Na bi sawu har layi na ɗari shida da sha biyu.
In sa hannu ya zo gurgu,
aiki sai ya fice ta ƙofar baya da ƙwaryar aro a hannu.
Wa ya rubuta wannan?
Ni. Cikin azumi, bayan la'asar.
Layi biyu na ƙara: goge, mayar.

Akwai ƙara ta biyu.
Wai ana ɗiba daga wurin da ba a zuba komai ba.
Yatsana ya kai kan sharewa,
sai na ga 'yar wasiƙa a gefen layin,
ta wani da ban taɓa gani ba: da gangan ne, tambaya kafin ka taɓa.
Hayaniya ake dama makulli da ita
don kada wani ya cinka.
Na janye hannu, na rubuta masa tambayata.
Mai bin bashi ya iya lissafi,
amma ba a gaya masa sirri ba.

Na sake tayar da su.
A na ɗari biyu da casa'in wuta ta ɗauke,
batir ya riƙe, ni ma na riƙe numfashi,
sauro ya samu gari.

Ban san sanda na yi gyangyaɗi ba.
Ladan ne ya tashe ni,
allo na cewa duk abin da aka ara ya koma.

Na tura wa Falmata kalma ɗaya: tura.
Na fita bakin Logon.
Masunta na tunkuɗa jiragensu cikin ruwa,
wani yaro a na ƙarshe
yana kwarfe da rabin galan,
tun ba su bar gaɓa ba.